Gab da Sallah: Ƙananan ɗabi'un da ke raba telan da ke cika alkawari da mai kashe waya

Da zarar azumi ya raba tsakiya, shagunan ɗinki a Kano, Zariya, Katsina, Maraɗi da Damagaram sukan koma kamar ba a rufe su. Shadda da atamfa da leshin da aka saro daga Kantin Kwari sun cika kowane lungu na shago, keke na kuka har asuba, masu kaya kuma na sintiri.

Daga nan zuwa jajiberin Sallah ake gane bambancin teloli. Wani zai miƙa wa kowa kayansa a goge, a ninke. Wani kuma zai kashe waya ya ƙaurace wa shago, maganar ma ta kai su gaban 'yan sanda.

Sau da yawa duka biyun gwanaye ne a kan keke, kuma duka suna aiki tuƙuru. Inda suka rabu shi ne yadda kowa ya tsara yininsa, da yawan kayan da ya yarda ya karɓa tun farko. Darasin bai tsaya kan tela ba, ya shafi mai kitso da lalle, mai wankin hula, mai yin cincin da dubulan na sayarwa, da ma'aikacin ofis da aiki ya yi wa rubdugu.

Yi lissafi kafin ka karɓi kaya

Mafi yawan saɓa alkawari a ranar karɓar aiki yake farawa. Mutum yakan ɗauka cewa gobe zai fi yau sauri, ya manta da ranar da wuta za ta ɗauke, ko keke ya tsinke zare, ko yaron shago ya kwanta zazzaɓi. Masana halayyar ɗan Adam biyu, Daniel Kahneman da Amos Tversky, sun bayyana wannan ɗabi'a tun a 1979: mutane sukan raina lokacin da aiki zai ci, ko da sun sha yin irinsa a baya.

Maganin abin shi ne ka yi lissafi da abin da ka saba gamawa a rana ta yau da kullum. A ce kana kammala kaftani 3 a rana, kuma saura kwana 25 Sallah. Ware kwana 4 don gyare-gyare da abin da ba a zata ba. Saura kwana 21, wato kaftani 63. Idan littafinka ya kai wannan adadi, ka rufe karɓa, ka liƙa sanarwa a ƙofar shago.

Cewa "aiki ya cika" na da nauyi a baki, musamman ga ɗan'uwa ko tsohon kwastoma. Amma wanda ka faɗa wa gaskiya da wuri yana da damar neman wani telan, kuma zai iya dawo maka da ɗinkin Babbar Sallah, wadda ke zuwa bayan kimanin kwana 70. Wanda ya je idi da tsohuwar riga saboda kai, da wuya ka sake ganin sa.

Littafi ɗaya, komai a ciki

Kai ba ma'ajiya ba ne, balle a lokacin da ake fama da yunwa da ƙarancin barci. Littafi ɗaya ya isa: sunan mai kaya, awonsa, irin ɗinkin da yake so, kafin alƙalamin da ya bayar, cikon da ya rage, da ranar karɓa. Yanki ɗan ƙyallen yadin ka manna a gefen sunan, ka kuma rubuta lambar shafin a jikin ledar kayan. Wannan kaɗai na hana a ɗinka wa Malam wando da yadin Alhaji.

Kafin ka tashi daga aiki kowane dare, ɗauki minti 5 ka rubuta ayyuka 3 da dole a gama gobe, ka fito da kayansu ka ajiye a kan tebur. Da safe ba sai ka tsaya tunanin ta ina za a fara ba.

Aiki mai wuya da sanyin safiya

Saboda shekarar Musulunci ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11, azumi na matsowa baya kowace shekara. A 2024 ya faɗo cikin Maris da Afrilu, a 2025 kuma cikin Maris, lokacin da zafi a Kano, Sakkwato da Maiduguri kan kai digiri 40 ko ya wuce. A irin wannan yanayi, ƙarfin mai azumi na safe ne.

Da sanyin safiya ake kama fara. Aikin da kuskure a cikinsa ke jawo asara, kamar yankan shadda mai tsada, haɗa wuya ko fitar da aljihu, a yi shi daga bayan asuba zuwa hantsi, lokacin da ido ke gani sosai kuma hannu bai fara rawa ba. Bayan azahar a koma kan sa maɓalli, datse zare da ninke kaya.

Lokutan salla ma sun riga sun yanka yinin gida-gida. Maimakon ka ce "yau zan yi ɗinki", ka ce "kafin azahar zan gama yanka kaya 6, kafin la'asar zan haɗa 2". Ƙaramin buri mai iyaka ya fi sauƙin cikawa.

Haɗa ayyuka masu kama da juna

Duk sauyin zare, allura ko ƙafar keke na cin mintuna, kuma hankali ma sai ya ɗauki lokaci kafin ya zauna a kan sabon aiki. Yanka kaya da yawa a zama ɗaya. Ɗinka masu farin zare a jere kafin ka koma masu launi. Tara waɗanda za a kai wurin mai surfani a kai su tafiya ɗaya.

Haka batun wuta. A tsarin rabon lantarki na Najeriya, rukunin A ne ke da alkawarin aƙalla awa 20 a rana, rukunin E kuma awa 4 kacal. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tayar da janareta ya zama abin da ake yi da lissafi. Don haka a tara guga da duk aikin da ke buƙatar wuta a gefe guda, da an kawo a hau kansu, a bar aikin hannu da na keken ƙafa zuwa lokacin da aka ɗauke.

Sa wa waya lokaci

Taura biyu ba ta taunuwa. Wanda ke yanka yadi yana amsa kira shi ne ke rage hannun riga da inci 2. Kashe wayar gaba ɗaya kuma na tayar da hankalin masu kaya, sai su taso su cika shago.

Hanya mafi sauƙi ita ce ware lokaci biyu a rana don amsa kira da saƙo, misali bayan azahar da bayan buɗa-baki, a kuma sanar da mutane. Manhajar WhatsApp Business na da saƙon da ke amsawa da kansa idan mutum ba ya kusa. Idan ka ga aikin wani zai makara, kai ka fara kiran sa tun saura kwanaki.

Barci ma cikin aikin yake

Likitoci na ba da shawarar baligi ya samu barcin aƙalla awa 7 a kowane dare. A goman ƙarshe, ga asham, ga tahajjud, ga sahur, da wuya a samu hakan a haɗe. Abin da zai yiwu shi ne a tsayar da lokacin rufe shago a kiyaye shi, a kuma yi ƙailula ta minti 20 zuwa 30 bayan azahar.

Kwana a kan keke dare biyu a jere na kawo ɗinkin da sai an farke an sake, wato aiki biyu a kuɗin ɗaya. Shan ƙwaya don hana barci kuwa hanya ce da ta jefa matasa da dama cikin shaye-shaye. Gara a sha ruwa sosai tsakanin magariba da sahur, a riƙa miƙewa ana taka ƙafa bayan kowace awa saboda baya da wuya.

Raba aiki, ka bar wa kanka dubawa

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Maigidan shago da ke yanka, ya ɗinka, ya goge, ya je kasuwa sayen zare da kansa, shi ne ke tsayar da aikin kowa. Ba kowane yaro aiki guda da ya iya, ka riƙe yanka da duba kaya kafin su fita. Zare, maɓalli, allura da man keke kuma a saye su tun kafin goman ƙarshe, kafin kasuwa ta cushe.

Bayan Sallah, kafin a manta, buɗe littafin ka ƙirga kaya nawa ka karɓa, nawa suka fita a kan lokaci, kuma wace rana aiki ya fara tsayawa. Wannan adadin shi ne zai gaya maka inda za ka rufe karɓa idan layya ta matso.