Dokta Du Bois: Malamin Da Ya Bi Gida Gida Yana Binciken Abin Da Ke Kashe Baƙar Fata

A tsakiyar shekarar 1896 wani saurayi baƙar fata mai shekara 28 da haihuwa ya sauka a birnin Filadelfiya na ƙasar Amurka, shi da amaryarsa Nina, suka kama ɗaki ɗaya a saman wani gidan abinci a cikin Shiyya ta Bakwai, watau unguwar da baƙar fata suka fi yawa a birnin. Sunansa William Edward Burghardt Du Bois. Jami'ar Pennsylvania ce ta ɗauko shi domin ya binciki zaman mutanen wannan unguwa, saboda manyan gari sun riga sun yanke hukunci a zukatansu cewa baƙar fata ne tushen sata da ƙazanta da cuta a birninsu, abin da ya rage kawai shi ne wani masani ya sa hannu.

Mutumin da suka ɗauko ba ƙaramin mai ilmi ba ne. An haife shi a garin Great Barrington ranar 23 ga watan Fabrairu, 1868. Ya yi karatu a Jami'ar Fisk da ta Harvard, sa'an nan ya yi shekara biyu a Jami'ar Balin ta ƙasar Jamus, inda ya koyi bin al'amuran zaman jama'a da ƙididdiga. A shekarar 1895 ya zama baƙar fatar Amurka na farko da Harvard ta ba digirin Dokta. Duk da haka, muƙamin da aka ba shi a Pennsylvania na ɗan taimako ne kurum. Ba a ba shi ofis ba, ba a ba shi aji ba, kuma ba a sa sunansa cikin jerin malaman jami'ar ba.

A wancan zamani ra'ayin da ya yi ƙarfi a tsakanin likitoci da malaman Amurka shi ne cewa baƙar fata rarrauna ne tun daga halittarsa. A cikin wannan shekara ta 1896 wani ma'aikacin ƙididdiga na kamfanin inshora na Prudential, mai suna Frederick Hoffman, ya buga littafi cike da alkaluma, yana cewa yawan mutuwar baƙar fata a jininsu yake, kuma tun da aka 'yanta su daga bauta sun kama hanyar ƙarewa. Wannan magana ba ta tsaya a takarda ba. Idan cuta a jini take, to, ba hukumar da za ta ga dalilin gyara magudanar ruwa ko gina asibiti a unguwarsu, kuma kamfanonin inshora sun sami hujjar ƙin karɓarsu ko rage abin da ake biyan magadansu.

Dokta Du Bois bai tsaya jayayya da baki ba. Ya tsara takardun tambayoyi, ya ɗauki jakarsa, ya bi unguwar gida gida shi kaɗai. Yakan zauna a ɗaki ko a madafa ya tambayi mutanen gida: mutum nawa ke kwana a ɗaki ɗaya, nawa ne kuɗin haya, wace sana'a maigida yake yi, kwana nawa ya yi bai sami aiki ba, wa ya yi ciwo a bana, yara nawa aka haifa, nawa suka rage. Ya ce shi da kansa ya yi magana da mutane wajen 5,000. Bayan haka ya zana taswirar unguwar, ya nuna matsayin kowane gida, ya kuma gwama abin da ya ji da kunnensa da abin da ke cikin littattafan hukuma. A shekarar 1899 aka buga sakamakon aikin cikin littafi mai suna The Philadelphia Negro.

Bai musa cewa baƙar fata sun fi Turawa mutuwa ba, domin alkaluma sun tabbatar da haka, kuma tarin fuka ne kan gaba wajen kashe su. Abin da ya yi shi ne ya rarraba alkaluman shiyya shiyya. Sai ga shi a Shiyya ta Biyar, inda gidaje suka lalace, tsabta ta yi ƙaranci, mutuwar baƙar fata ta yi yawa ƙwarai, alhali kuwa a Shiyya ta Talatin, inda 'yan'uwansu masu ɗan hali suke zaune cikin gidaje masu kyau da tituna masu tsabta, mutuwar ta ragu nesa ba kusa ba. Fata ɗaya, jini ɗaya, amma makwanci daban. A unguwar da ya bincika, kusan iyali ɗaya cikin bakwai ne kawai ke da wurin wanka da makewayi irin na zamani. Ya kuma gano cewa ana tsauwala wa baƙar fata kuɗin haya domin ba su da damar zama inda suke so, sai dole su sa baƙi 'yan haya a ɗakunansu, cunkoso ya ƙaru. Masana'antu da ƙungiyoyin ƙwadago sun rufe musu ƙofa, har ya zamana mai sana'ar hannu da mai takardar makaranta duk sun koma aikatau da dako. A taƙaice, ya nuna igiyar da ta ɗaure wariya da talauci, talauci da mugun gida, mugun gida da kabari.

Littafin ba ya rasa aibi. Akwai wuraren da marubucin ya hau kan talakawan unguwar da faɗa, yana zarginsu da almubazzaranci da sakaci, da murya irin ta wanda bai taɓa kwana da yunwa ba. Amma fa ko a nan bai ce halitta ce ba. Ya danganta halin ga bauta ta shekaru aru-aru da rashin dama.

Tun kafin littafin ya fito ya koma Jami'ar Atlanta a jihar Jojiya, a shekarar 1897, makarantar baƙar fata wadda kullum take fama da rashin kuɗi. A can ya shugabanci binciken shekara shekara, kowace shekara da fanninta: kasuwanci, makarantu, masu sana'ar hannu, coci, laifuffuka, iyali. Nufinsa shi ne a ɗauki fannoni goma, a riƙa komawa kan kowanne bayan shekara goma har tsawon shekara ɗari, domin a ga abin da ya sake da abin da bai sake ba. Ɗalibansa da tsofaffin ɗaliban makarantar su ne suka riƙa tattaro masa bayani daga garuruwa. Rahoton shekarar 1906 a kan lafiya ya komo kan Hoffman, ya nuna cewa tarin fuka cutar talauci da cunkoso ce, tana kashe Bature talaka kamar yadda take kashe baƙi. A bikin baje koli na birnin Faris a 1900 ya kai zane-zanen ƙididdiga wajen 60 waɗanda aka yi da hannu, aka ba shi lambar zinariya. Shahararren masanin nan na Jamus, Max Weber, ya sadu da shi a 1904, daga baya ya buga maƙalarsa a mujallarsa. A Amurka kuwa manyan jami'o'in Turawa ba wadda ta neme shi.

Shekarar 1899 ita ce ta girgiza imaninsa da cewa jahilci ne kaɗai ciwon, ilmi kuma maganinsa. A watan Afrilu taron Turawa suka ƙone wani baƙar fata mai suna Sam Hose da ransa a kusa da garin Newnan. Dokta Du Bois ya rubuta bayani cikin natsuwa a kan shari'ar mutumin, ya kama hanyar ofishin wata jaridar Atlanta domin ya kai. A kan hanya ya ji cewa an riga an kashe shi, har an baje gaɓoɓin yatsunsa a wani kanti da ke kan titin da yake bi. Nan take ya juya gida. Bayan wata ɗaya ɗansa Burghardt, wanda bai cika shekara biyu ba, ya rasu da ciwon mashaƙo, a garin da likitoci baƙar fata ba su taka kara sun karya ba, na Turawa kuma ba su saba duba ɗan baƙi ba. Mai ƙidayar gawar 'ya'yan mutane sai ga nasa ɗan ya shiga lissafi.

Ya ci gaba da binciken har shekara goma bayan wannan, amma kuɗi ya yi ta tsukewa, domin masu ba da gudummawa sun fi jin daɗin Booker T. Washington, wanda yake kiran baƙar fata su yi haƙuri su kama sana'a. A 1910 ya bar jami'a ya koma ƙungiyar NAACP ta neman 'yancin baƙar fata, wadda yana cikin waɗanda suka kafa ta, ya zama editan mujallarta The Crisis. Ya komo Atlanta a 1934 ya shugabanci sashen ilmin zaman jama'a, aka yi masa ritayar dole a 1944.

Ƙarshen rayuwarsa ya karkata ga Afirka. Yana cikin jagororin taron haɗin kan baƙar fata na Manchester a 1945, tare da Kwame Nkrumah da Jomo Kenyatta. A 1951, yana da shekara 83, gwamnatin Amurka ta gurfanar da shi a kotu bisa zargin yi wa ƙasar waje aiki. Alƙali ya sallame shi, amma aka riƙe fasfonsa har 1958, abin da ya hana shi halartar bikin 'yancin kan Gana. A watan Nuwamba na 1960 ya zo Legas bikin rantsar da Dokta Nnamdi Azikiwe a matsayin Gwamna-Janar. A 1961 ya ƙaura zuwa Akra bisa gayyatar Nkrumah domin ya jagoranci rubuta kundin ilmin Afirka. A can ya rasu ranar 27 ga watan Agusta, 1963, yana da shekara 95, ana gobe za a yi babban gangamin nan na birnin Washington.

Tambayar da ya ɗauko a Filadelfiya ba ta mutu tare da shi ba. A shekarar 1900 matsakaicin tsawon ran Bature a Amurka wajen shekara 47 ne, na baƙar fata kuwa wajen 33. A 2019 sun kai kusan 79 da 75. Giɓin ya ragu, watau ba a jini yake ba, amma bai rufe ba. Cikin waɗanda suka ɗora daga inda ya tsaya akwai Shehun Malami David R. Williams, wanda ya tashi a tsibirin Saint Lucia, ya koyar a Yale da Michigan kafin ya koma Harvard a 2006. Shi da abokan aikinsa sun tsara ma'aunin wariyar yau da kullum, suka fara gwada shi a birnin Detroit a 1995. Tambayoyi ne masu sauƙi: sau nawa aka yi maka rashin ladabi, sau nawa aka wulaƙanta ka a kanti, sau nawa aka ɗauke ka maras wayo ko maras gaskiya. Bincike da dama da aka yi da wannan ma'auni sun nuna alaƙa tsakanin yawan irin wannan cin fuska da hawan jini, da rashin barci, da ciwon damuwa.

Wannan ƙari ne a kan abin da Du Bois ya gano, domin ya nuna cewa albashi da digiri ba su isa su kare mutum ba. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta bayyana a 2019 cewa mace baƙar fata mai digirin jami'a ta fi Baturiyar da ba ta gama sakandare ba haɗarin mutuwa a dalilin ciki da haihuwa.

Su kuwa malaman fannin sun daɗe kafin su amsa bashin da ke kansu. Shekaru da yawa ana koya wa ɗalibai cewa a Jami'ar Chicago aka kafa ilmin zaman jama'a na bincike a Amurka, har sai da Aldon Morris ya buga littafinsa The Scholar Denied a 2015, ya kawo hujjojin cewa Atlanta ta riga ta. A 2006 ƙungiyar masanan fannin ta Amurka ta sa wa babbar lambar yabonta sunan Du Bois. Jami'ar Pennsylvania kuma, wadda ta hana shi ofis da aji, ta naɗa shi Shehun Malami na girmamawa a shekarar 2012, shekara 49 bayan an binne shi a Akra.