Ruwan sama da fako: darasin manoman Illela

A ƙasar Ƙonni da Malbaza da Illela, cikin jihar Tawa, damana ba ta wuce wata huɗu. Ruwa yana farawa a watan Yuni, ya ɗauke a ƙarshen Satumba. A yawancin shekaru, ruwan da ke sauka yana kamawa daga milimetir 400 zuwa 550. Manoma sukan ce ruwan bai isa ba. Gaskiya ne, wata shekara ba ya isa. Amma akwai wata asara da ta fi wannan yawa: ruwan da ya sauka, ya gudu bai shiga ƙasa ba.

1. Mine ne milimetir na ruwa?

Idan rediyo ya ce an samu milimetir 1, ma'anarsa litir 1 na ruwa ya zuba bisa filin da ke da metir 1 a tsawo, metir 1 a faɗi. Hekta guda tana da irin wannan fili har 10,000. Ke nan, ruwan dare guda mai milimetir 20 yana zuba litir 200,000 bisa hekta guda. Tano mai cin litir 200, sai an cika 1,000 kafin a kai wannan. A shekara mai milimetir 400, hekta guda tana samun tano 20,000.

Wannan ruwa yana sauka bisa jigawa, yana sauka bisa fako, ba ya zaɓe. To, don mi jigawa take ba da hatsi, fako kuwa ko ciyawa ba ya fiddawa?

2. Yadda ƙasa take zama fako

Ƙasa mai rai tana da ƙananan ƙofofi. Saiwoyi da gara da tsutsotsi ne suke buɗe su. Ta nan ruwa yake bi ya shiga ciki. Ganye da ciyawa da kara suna rufe ƙasa kamar bargo, suna tare ƙarfin ɗigon ruwa.

Idan aka sare itatuwa, aka kwashe kara, dabbobi suka cinye sauran ciyawa, ƙasa ta zama tsirara. Ɗigon ruwa yana bugun ta kai tsaye, yana farfasa ta. Ƙurar da ta fito sai ta toshe ƙofofin. Da rana ta fito, sai saman ya bushe, ya yi ɓawo mai tauri kamar daɓe. Fako ke nan. Farin 1973 da na 1984 sun kashe itatuwa da yawa, sun faɗaɗa fako bisa tuddan Adar.

Ruwan da ya sauka bisa fako ba ya tsayawa. Yana gangarawa, yana haɗuwa da wani, yana ƙara ƙarfi. Yana haƙa kwazazzabo, yana cin gonaki, yana ɗauke ƙasa mai kyau. Wannan shi ake kira zaizayar ƙasa.

3. Inda ruwan yake kai ƙasar

Ƙoramu da yawa na gabashin wannan yanki suna zuba cikin Majiya. Majiya tana fitowa daga tuddan Adar, ta bi wajen Ƙonni, ta ƙetare iyaka, ta ƙare a tafkin Kalmalo, cikin jihar Sakkwato ta Nijeriya. A kanta aka gina madatsun ruwa na Mozage da Zongo. Ruwansu ne ake kaiwa gandun noman rani na Ƙonni, wanda aka shirya a ƙarshen shekarun 1970 da farkon shekarun 1980. Faɗinsa ya wuce hekta 2,000.

Ruwan ƙorama ba ya zuwa shi kaɗai. Yana tafe da rairayi da laka. In ya iso madatsa sai ya tsaya, kayan da ya ɗauko su kwanta a ƙasa. Kowace shekara suna ƙaruwa, wurin ajiyar ruwa yana raguwa. Mai gonar tudu ya rasa ƙasarsa, mai noman rani ya rasa ruwansa. Mai albasa a Galmi, cikin ƙasar Malbaza, shi ma da ruwan kwari yake aiki. Abin da ya faru a tudu, sai an ji shi a fadama.

4. Gwajin manoman Illela

A shekarar 1989, manoma 13 daga ƙasar Illela suka tafi Yatenga, a arewacin Burkina Faso. Wani aikin gyaran ƙasa da asusun raya noma na duniya, FIDA, ya ɗauki nauyinsa ne ya shirya tafiyar. A can suka ga manoma suna haƙa ramuka bisa fako, suna zuba taki, suna shuka a ciki. Mutanen Yatenga suna kiran ramin “zai”. Wanda ya fi suna a wannan aiki shi ne Yakuba Sawadogo, manomin da ya mai da fako daji, ya rasu a 2023.

Mutanen Adar sun san ƙaramin rami irin wannan tun kaka da kakanni. Sunansa tassa. Amma an yi watsi da shi. Da matafiyan suka komo gida, sai waɗansu suka gwada shi da sabon fasali: rami mai faɗi da zurfi, da taki a ciki. Shekarar farko, wajen hekta 4 kawai aka yi. A 1990 aka kai wajen hekta 70. Ruwa ya yi ƙaranci a wannan shekara. Gonaki da yawa suka ƙone, amma hatsin cikin tassa ya kai ga yin zangarniya. Masu wucewa suka gani da idonsu, suka koma gida suka haƙa nasu. Kafin 1998, an farfaɗo da dubban hektoci a ƙasar Illela da wajen Badagishiri. Fakon da a da ko kyauta ba a so, sai ga shi ana sayen shi da kuɗi.

5. Yadda tassa take aiki

Ana haƙa tassa da rani, da diga. Faɗinta santimetir 20 zuwa 30, zurfinta 15 zuwa 20. Tsakanin rami da rami, kusan metir 1. Ƙasar da aka fitar ana tara ta a gefen gangare, don ta tare ruwa. Sannan a zuba taki hannu ɗaya ko biyu.

Iskar rani tana kawo ganye da ƙura, su faɗa cikin ramin. Gara tana jin taki, ta zo, ta haƙa hanyoyi a ƙarƙashi. In ruwa ya sauka, wanda ya zuba tsakanin ramuka sai ya gangara cikin tassa, ya bi hanyoyin gara, ya sauka inda saiwa za ta same shi. Shi ya sa hatsin tassa yake jure kwanakin da ruwa ya ɗauke. Cikin takin kuma akwai ƴaƴan gawo da na bagaruwa da dabbobi suka ci. Suna tsirowa tare da hatsi. Manomin da ya bar su, bayan ƴan shekaru yana da itatuwa a gonarsa.

Tassa tana da iyakarta. Aiki ne mai wuya, don hekta guda tana cin rami kusan 10,000. Ba ta dace da rairayi ba, don iska za ta cike ta. Ba ta dace da fadama ba, don ruwa zai kwanta ya ruɓar da shuka. Ban da tassa, ana haƙa rabin wata, bakinsa yana fuskantar tudu, ana kuma jera duwatsu a gicciye don a rage gudun ruwa.

6. Kimiyya a filin makaranta

Manoman Illela sun lura, sun yi tambaya, sun gwada a ƙaramin fili, sun kwatanta da gonar da ke kusa. Hanyar kimiyya ke nan. Ɗan makarantar da ya haddace kalmar “zaizaya” bai taɓa auna ruwa ba, kalma kawai ya sani. Darasin kimiyya mai kyau ba ya jiran kaya masu tsada. Ga gwaji huɗu da kowane aji zai iya yi tare da malam.

Gwangwanin awon ruwa. A samu gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, bakinsa daidai da gindinsa. A ɗora shi bisa turke a fili, nesa da itace da ɗaki. Kowace safiya a sa sandar awo a ciki, a rubuta milimetir nawa, a zubar da ruwan. A ƙarshen wata a haɗa lissafi.

Shan ruwan ƙasa. A fasa gindin gwangwani, a kafa shi cikin ƙasa zurfin santimetir 3, a zuba rabin litir. A duba agogo har ruwan ya ɓace. A yi haka bisa fako, bisa jigawa, da ƙarƙashin gawo inda ganye ya taru.

Kwalbar laka. Bayan ruwa ya ɗauke, a ɗebi ruwan da ke gangarowa daga fako cikin farar kwalba, a ajiye ta kwana. Rairayi zai kwanta a ƙasa, laka a bisansa. Abin da ke faruwa a Mozage ke nan. Yara ba sa shiga ƙorama in tana gudu.

Fili uku. A yanka fili uku bisa fako, kowane metir 5 a tsawo, metir 5 a faɗi. Na farko, shuka irin ta kullum. Na biyu, tassa 25 ba taki. Na uku, tassa 25 da taki. Iri ɗaya, rana ɗaya, noma ɗaya. Da kaka a sussuke, a auna da tiya. Na farko da na biyu suna nuna aikin rami. Na biyu da na uku suna nuna aikin taki. A gwaji, abu ɗaya ake sakewa, a bar sauran yadda suke.

7. Daga makaranta zuwa gari

Abin da aka auna ana rubuta shi da Hausa da Faransanci, a manna a bangon aji. Ranar girbi ana gayyato iyaye da mai gari da ma'aikacin gona. Yara su karanta lissafinsu, tsofaffi su faɗi itatuwan da suka sani a wurin a da, da inda ƙorama take bi kafin ta ci gonaki. Wannan ma ilimi ne, sai a rubuta shi.

Tun 1975 ake dasa itatuwa a Nijar ranar 3 ga Agusta. Da yawa suna mutuwa kafin wata damana, saboda ƙishirwa da awaki. Ajin da ya gane darasin fako zai dasa nasa cikin rabin wata, ya kewaye shi da ƙaya, ya ƙidaya waɗanda suka rayu a watan Mayu.

Abin riƙewa

Milimetir 1 litir 1 ne bisa fili mai metir 1 a tsawo, metir 1 a faɗi. Ƙasa tsirara tana zama fako, fako yana korar ruwa. Tassa tana tsayar da ruwa inda ya sauka.

Tambayoyi

1. Tano nawa hekta guda take samu in an yi milimetir 30?
2. Don mi ake tara ƙasar tassa a gefen gangare?
3. Wane aiki gara take yi cikin rami?
4. Mi ya haɗa mai gonar tudu da mai noman rani na Ƙonni?

Aiki

Ku tambayi wani dattijo a gida sunayen itatuwa biyar da suka yi ƙaranci a garinku. Ku rubuta sunayen, da amfanin kowane ɗaya, ku kawo aji.