Me Ke Ƙara wa Jirgin Ruwa Nauyi?

Masuntan madatsar ruwa ta Challawa da ke Karaye, wadda aka kammala a 1992, sun san kwale-kwale kan ƙara nauyi idan ya daɗe cikin ruwa, ko da ba ya yoyo. Dalili kuwa shi ne, itace cike yake da ƙananan kafofi da bishiya ke jan ruwa da su. Idan katako ya bushe, iska ke cika kafofin, ita ce kuma ke hana shi nutsewa, domin tsuran naman itace ya fi ruwa nauyi da kusan rabi.

A Turai da Amurka akan ƙera jiragen ruwa masu filafilai da soson roba mai tauri, wanda ake sakawa tsakanin ɓawo biyu na zaren gilashi. Kowane gurbin iska a soson rufe yake ruf, kamar goran masunci. Amma ramin ƙusa ko tsaga kan buɗe wa ruwa hanya, ya raba soso da ɓawo, jirgin ya raunana. Akan gane wurin ta ƙwanƙwasawa, domin nan ƙara ke dushewa.

Saboda haka, a toshe tsaga da wuri, kuma jirgin da ya sha ruwa a rage masa kaya.