Yadda ake zana siffa mai gefe biyar daidaitacciya da kamfas da rula kawai

Duk wanda ya taɓa yanka ɗanyar kuɓewa ya san siffar nan mai gefe biyar, haka ma wanda ya kalli tauraron da ke tutar Ghana ko ta Kamaru, domin idan aka haɗa tsinayen tauraron guda biyar da layuka, ita ce ke fitowa. Ana kiran ta daidaitacciya idan gefunanta biyar tsawonsu ɗaya ne, kuma kowace kusurwa tata ta ciki digiri 108 ce. Ganinta ba wuya, amma zana ta ba tare da awo ba aiki ne da ya daɗe yana gwada basirar masana lissafi.

Ƙa'idar da masanan Girka suka shimfiɗa tana da tsauri. Kayan aiki biyu kaɗai aka yarda da su: kamfas na zana da'ira, da rula wadda ba a duba lambobin jikinta, aikinta jan miƙaƙƙen layi tsakanin ɗigo biyu kurum. Ba a amfani da ma'aunin kusurwa. Hikimar ita ce awo kan zo da ɗan kuskure komai ƙanƙantarsa, alhali zanen da aka gina a kan hujja daidai yake a kowane girma, a takarda ko a filin gini.

Siffa mai gefe shida ba ta ba kowa wahala, domin buɗin kamfas ɗin da aka zana da'ira da shi yana zagaye bakinta sau shida cif. Mai gefe biyar kuwa tana bukatar a raba da'ira kashi biyar, kowane kashi digiri 72, kuma wannan ba ya samuwa sai da dabara. Yuklid, wanda Larabawa ke kira Uƙlidis, ya kawo hanyarsa a kashi na huɗu na littafinsa na ginshiƙan ilimin handasa, wanda ya rubuta a Iskandariya ta Masar wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A ƙarni na 2 miladiyya, Batlimus masanin taurari ya zo da wata hanya mafi gajarta a littafinsa Almajisti. Ita ce za mu bi a nan.

Da farko a zana da'ira, a kira cibiyarta O. A ja layi ya ratsa cibiyar daga baki zuwa baki, a kira ƙarshensa na dama B, na hagu C. Sannan a buɗa kamfas ya zarce rabin wannan layi, a kafa tsininsa a B a zana baka sama da ƙasa, a maimaita daga C. Layin da ya haɗa wurare biyun da bakunan suka gitta juna zai bi ta cibiya a tsaye. Inda ya taɓa da'ira daga sama shi ne A, kusurwar farko ta siffarmu.

Mataki na biyu shi ne nemo tsakiyar layin OB. A mayar da kamfas buɗinsa na farko, a kafa shi a B, a yanki da'ira sama da ƙasa. Layin da ya haɗa yankan biyu zai raba OB gida biyu daidai, a ɗigon da za mu kira M.

Mataki na uku shi ne zuciyar aikin. A kafa kamfas a M, a buɗa shi har bakin fensir ya kai A, sannan a sauko da baka zuwa hagu har ya yanki layin kwance a wani ɗigo tsakanin O da C. Wannan ɗigo shi ne N. Tazarar da ke tsakanin A da N ita ce tsawon gefen da ake nema. A ɗauke ta da kamfas, a fara daga A ana yanka bakin da'ira ɗaya bayan ɗaya. Yanka na biyar zai dawo kan A. Sai a haɗa ɗigogin biyar da rula.

Domin mai karatu ya gamsu, a ɗauka tazarar cibiya zuwa baki santimita 10 ce. OM zai zama 5. Ƙa'idar Fisagoras ta nuna cewa MA kimanin 11.18 ne, tun da 100 da 25 sun ba da 125. Idan aka cire 5, ON ya zama 6.18, wanda shi ne gefen siffa mai gefe goma a wannan da'ira. A sake amfani da ƙa'idar a kan OA da ON, sai AN ya fito kimanin 11.76, kuma wannan shi ne ainihin tazarar ɗigo biyu na bakin da'irar da digiri 72 ya raba. Sirrin yana cikin lambar da idan aka ninka ta da kanta take ba da biyar, wato kimanin 2.236, kuma layin MA rabinta ne sau goma. Daga gare ta ne ake samun 1.618, adadin da ake yi wa laƙabi da rabon zinariya: layin da ya tsallake kusurwa ɗaya a cikin siffar, mai tsawon 19.02, ya ninka gefenta sau 1.618.

Idan yanka na biyar bai faɗa kan A ba, laifin na hannu ne. Kamfas mai sako-sako ko fensir mai dakushin baki kan haifar da ɗan kuskure, kuma tun da sau biyar ake ɗaukar tazarar, kuskuren ma sau biyar yake taruwa. Wannan abin lura ne ga ɗaliban da ke shirin jarrabawar zanen fasaha: a feƙe fensir, a ɗaure kamfas, a bar layukan gini su fito a fili ko da sirara ne.

Masanan duniyar Musulunci sun ba wannan siffa muhimmanci. Abu Kamil na Masar ya yi rubutu na musamman a kan mai gefe biyar da mai gefe goma, inda ya yi amfani da aljabara. A ƙarni na 10, Abul Wafa al-Buzjani ya wallafa littafi a Bagadaza kan abin da masu sana'ar hannu ke bukata na handasa. Taurari masu tsini biyar da goma da ke ƙawata bangon masallatai da makarantu a Iran da Asiya ta Tsakiya a kan irin wannan sani suka tsayu.

To, ko kowace siffa daidaitacciya tana zanuwa ta wannan hanya? Amsar ta ɗauki kimanin shekara dubu biyu kafin ta bayyana. A 1796, Carl Friedrich Gauss na Jamus, yana ɗan shekara 18, ya gano cewa mai gefe 17 tana zanuwa, daga baya ya fayyace sharaɗin. A 1837 Pierre Wantzel na Faransa ya tabbatar da cewa duk siffar da ba ta cika sharaɗin ba, ba za ta taɓa zanuwa ba. Lambobi biyar aka sani da ke zama tubali: 3, 5, 17, 257 da 65537. Ana iya ninka su da juna muddin ba a maimaita ɗaya ba, ana kuma iya ruɓanya sakamakon da biyu sau nawa aka so. Shi ya sa mai gefe 10 da mai gefe 15 suke zanuwa, amma mai gefe 7, 9, 11 ko 13 sun fi ƙarfin kamfas da rula, komai gwanintar mai zane. Abin da ake samu a kansu kusantawa ce kawai, wadda ta wadatar da magini amma ba ta gamsar da masanin lissafi.