Ko Kun Sani? Tsauni Na Rage wa Ƙaramin Jirgi Ƙarfi

Jirgin Piper J-3 Cub, wanda aka ƙera a Amurka daga 1938 zuwa 1947, har yau masu tuƙin nishaɗi na rububin sayensa. Mafi yawan jiragen injinsu ƙarfin doki 65 ne kacal. A kan tsaunuka iska ba ta da kauri, don haka injin kan rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk hawan ƙafa 1,000. A filin jirgin Leadville na jihar Kolorado, mai tudun ƙafa 9,934, kusan sulusin ƙarfin ya tafi tun jirgi na ƙasa. In rana ta take, abin ya ƙara tsananta, shi ya sa matuƙan tsaunuka suka fi son tashi da sassafe.