Zamani da Mai Zane: Misalai Uku daga Birnin Zariya

1.0 Gabatarwa

An daɗe ana cewa zamani yana da tasiri a kan fasahar zane, amma ba kasafai ake bayyana kafar da wannan tasiri yake shiga ta cikinta ba. Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa babbar kafar ita ce hanyar da aikin mai zane yake bi ya isa ga jama'a, watau wa ya sa shi aikin, wa ya biya, kuma a ina za a kalle shi. Duk lokacin da waɗannan suka sake, to, siffar aikin ma takan sake. Za a kawo misalai uku daga birnin Zariya, domin a nan ana iya ganin zamuna uku a jere.

2.0 Zamanin Fada

Misali na farko shi ne Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Muhammadu Durugu, da aka fi sani da Babban Gwani, ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834–1846). Lokacin bai daɗe da jihadi ba, sabuwar daula kuwa tana bukatar gine-ginen da za su nuna girman addini da ƙarfin mulki. Da laka da azara Babban Gwani ya ɗaga bakan gizo masu tsawo, ya kuma yi wa ginshiƙai da bango ado mai kauri na layuka da da'irori. Ba a sa siffar mai rai ba, saboda wurin ibada ne.

A wannan zamani magini ba ya talla. Sarki ne yake kiransa, shi yake ba shi ma'aikata da lada, kuma laƙabin da ya samu daga fada shi ne shaidar ƙwarewarsa. Daga nan sai labarinsa ya bi bakin fatake da malamai zuwa wasu garuruwa. Sana'ar ta gado ce, shi ya sa har akwai unguwa a Zariya mai suna Babban Gwani. Bisa ga haka, mafi kyawun ado yakan kasance a cikin masallaci ko cikin soron fada, inda wanda ya ba da aikin zai gan shi.

3.0 Zamanin 'Yan Kasuwa

Bayan zuwan Turawa da shigowar jirgin ƙasa a farkon ƙarni na 20, cinikin auduga da gyaɗa ya haɓaka, aka samu sababbin masu dukiya waɗanda ba 'yan sarauta ba ne. Irin waɗannan mutane ba su da tambari ko rawanin da zai nuna matsayinsu, sai fuskar gidansu. Saboda haka ado ya fito waje, ya mamaye gaban zaure. A kusa da dagi da takobi sai ga keke da mota da jirgin sama, watau abubuwan da zamanin yake ɗauka alamar arziki da wayewa. Zuwan siminti da fenti kuma ya sa adon ya ƙara ƙarko, launinsa ya ƙara fitowa.

Abin lura a nan shi ne, bangon da ya fuskanci titi yana yi wa mutum biyu talla: mai gida da magini. Mai wucewa zai tsaya ya tambayi wanda ya yi, gobe kuma ya neme shi. Tun da yake daga nesa ake kallo, dole zanen ya yi girma, ya cika bango, ya kuma sha bamban da na maƙwabci. Ke nan hanyar neman ciniki ita ta tura salon zuwa inda ya kai.

4.0 Zamanin 'Yancin Kai

A 1955 aka mayar da sashen koyar da zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya daga Ibadan zuwa Zariya, kwalejin da Jami'ar Ahmadu Bello ta gada a 1962. Yawancin malaman Turawa ne, manhajar kuma irin ta Ingila. A 1958 wasu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa Ƙungiyar Masu Zane ta Zariya. Aƙidarsu ita ce a riƙe dabarun da aka koya daga Turawa, amma a gwama su da abin da kowa ya gada a gida. Alal misali, Okeke ya koma ga uli, zanen da matan Ibo suke yi a jiki da bango, ya gina salonsa a kansa. Wannan aƙida 'yar zamaninta ce, domin ƙasar tana dab da samun mulkin kai, ana ta tambayar abin da zai zama namu.

Hanyar isa ga jama'a ma ta sake. Aikinsu a kan takarda da kyalle yake, ana iya ɗaukarsa a kai wani gari, kuma yana ɗauke da sa hannun mai shi. Sun nuna ayyukansu a Legas lokacin bikin 'yancin kai na 1960, sannan a kulob ɗin Mbari da aka buɗe a Ibadan a 1961. Mujallu irin su Black Orpheus sun buga hotunan zane da sharhi a kansu, wasunsu kuma sun yi wa littattafan adabi zane. Ƙungiyar ta watse a 1961, amma sunayen 'ya'yanta sun shiga tarihi, saboda sun rubuta manufarsu, an kuma yi rubutu a kansu.

5.0 Kammalawa

Daga waɗannan misalai za a ga cewa mai zane yana amsa wa mai kallonsa ne, ko sarki, ko mai wucewa a titi, ko mai zuwa wajen nuni. A yau matasa da yawa suna baje ayyukansu a Instagram, kuma babu shakka kallo a fuskar waya zai yi nasa tasiri a kan girman zane da launinsa.

Sai dai akwai abin damuwa. Aikin da ake iya ɗauka, mai sa hannu, yana samun mai saye da mai adanawa. Adon bango kuwa yana tafiya tare da gidan da zarar an rushe shi an maye shi da bulo, sunan maginin ma ya bi shi. Don haka ya kamata sassan koyar da zane a kwalejojin ilimi su tura ɗalibai cikin tsofaffin unguwanni su ɗauki hoton abin da ya rage, su rubuta sunayen waɗanda suka yi shi tun da sauran dattawan da suka san su. Haka kuma ya kamata a koya wa ɗalibi yadda ake shirya nuni da bayanin aiki, domin wannan ma wani ɓangare ne na sana'ar.