ALLON ZANE: ME YA SA KWAMFUTA BA TA GANE MAƁALLANSA?

Allon da za mu yi magana a kansa yau ba na makarantar allo ba ne, ko da yake shi ma da alƙalami ake yi masa aiki. Wani faifai ne da ake haɗawa da kwamfuta, mai zane ya ja layi bisa kansa, layin ya bayyana a fuskar injin. In ya danna alƙalamin da ƙarfi layi ya yi kauri, in ya sassauta ya yi siriri, kamar dai alƙalamin kara. Kamfanin Wacom na ƙasar Japan, wanda aka kafa a 1983, shi ne ya fi suna wajen ƙera shi.

Ma'aikatan da ke aiki da Linux, wato tsarin nan na kyauta da Linus Torvalds ya soma a 1991, sukan gamu da wani abin mamaki. Sai mutum ya sayo sabon allo, ya haɗa, alƙalami ya kama aiki cikin Krita ko GIMP. Amma da ya buɗe shafin gyare-gyare na GNOME don ya ba kowane maɓalli aikinsa, sai ya tarar ba a san da maɓallan ba. Da yawa kan ɗauka allon ne ya lalace. Lafiyarsa lau.

Ga yadda abin yake. Sashen da ke karɓar motsin alƙalami daban yake da sashen da ya san siffar allon. Wanga na biyu sunansa libwacom, wanda aka soma a 2011, kuma Peter Hutterer na kamfanin Red Hat na cikin masu kula da shi. Kundin rajista ne kawai, irin na ofishin haihuwa. Kowane allo yana da takardarsa: sunansa, lambar kamfanin da ya ƙera shi (ta Wacom ita ce 056a), faɗinsa da tsawonsa, yawan maɓallansa, ko yana da zoben juyawa, da irin alƙaluman da yake karɓa, har da mai abin gogewa a gindi. Allon da ba a yi wa rajista ba, shafin gyare-gyare bai san kamanninsa ba. Kada sunan ya ruɗe ku: kundin na karɓar allunan Huion da XP-Pen ma.

Abin da ya burge mu shi ne takardar rubutu ce tsantsa, ba asiri. Mai allo na iya kwafe ta wani makamancinsa, ya canza lambobi, ya ajiye ta cikin /etc/libwacom, daga baya ya aika wa masu kundin don wanda zai sayi irin allon gobe ya huta.

Sai a kula da abu biyu. In siffar allo ba ta dace da ta fuskar kwamfuta ba, da'irar da aka zana sai ta fito kamar ƙwai. Akwai wurin da ake dannawa a daidaita su. Sannan tsohon umurnin xsetwacom, wanda ya cika littattafan koyarwa, yana aiki ne ƙarƙashin X11 kaɗai. Wanda injinsa ke tafiya da Wayland, ko ya rubuta shi sau goma ba abin da zai motsa. Shafin gyare-gyare zai nufa.